Ƙwallon Kwando: Ƙofar Amurka Na Tsukewa, Mu Waiwayi Filin Samaru

A watan Disamban 2025 ne gwamnatin Amurka ta fitar da sanarwar da ta sanya Jamhuriyar Nijar cikin ƙasashen da aka hana wa 'ya'yansu shiga ƙasar baki ɗaya, ta kuma sanya Najeriya cikin waɗanda aka taƙaita wa biza, har da bizar ɗalibai. Ghana ba ta cikin jerin, amma ita ma ta ɗanɗana a tsakiyar shekarar, sa'ad da aka rage wa'adin bizar mutanenta zuwa wata uku, kafin daga baya a janye matakin. Yawancinmu da ke harka a kasuwannin kan iyaka, daga Jibiya da Illela har Paga da Aflao, ba mu ɗauki abin da zafi ba, tunda mun fi saro kaya a Dubai da Chana. Sai dai akwai wani rukuni na 'ya'yanmu da matakin ya taɓa kai tsaye, wato zaratan samarin nan dogaye masu buga ƙwallon kwando, waɗanda duk burinsu shi ne wata jami'a a Amurka ta ɗauke su karatu kyauta don su buga mata wasa.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Ita Hakeem Olajuwon ya bi daga Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, ya kai ƙungiyarta wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1983 da 1984, daga baya ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995, yana azumin Ramadan yana wasa. Ita Amida Brimah ɗan Ghana ya bi, har ya ci kofin jami'o'in tare da Jami'ar Connecticut a 2014, haka ma Ben Bentil da ƙungiyar Boston ta zaɓa a 2016 daga Kwalejin Providence. Abin tambaya a nan shi ne, idan wannan ƙofa ta ci gaba da tsukewa, wace jami'a muke da ita a gida da za ta riƙe yaran?

Amsar da ta fi kusa da mu tana Zariya. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma duk wanda ya san tarihin ƙwallon kwando a Najeriya ya san ba a yin maganarsa a tsallake filin jami'ar da ke Samaru. Mutumin da ya ɗaga sunan filin Ba'amurke ne mai suna Oliver Johnson, wanda 'yan wasa ke kira Koci OBJ (kada mai karatu ya ɗauka tsohon shugaban ƙasa ake nufi, suna ne kawai ya zo ɗaya). Tun shekarun 1970 ya zauna a Zariya, ya shafe shekaru fiye da arba'in yana koyar da wasan. Masu horarwa da yawa sun zo daga waje sun yi shekara biyu ko uku sun tattara nasu ya nasu. Shi kuwa ya zauna, ya ga ɗalibansa sun girma sun zama masu horarwa da shugabannin wasan.

A ganinmu, babbar nasarar wannan ƙungiya ita ce mutanen da ta yaye, kuma sirrin shi ne ba a killace filin ga ɗaliban jami'a su kaɗai ba. Yaran gari da 'ya'yan ma'aikata sun riƙa zuwa suna gogayya da manya. Daga cikinsu akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, kuma har gobe yana ambaton Johnson a matsayin malaminsa. Abin lura a tarihin Ujiri shi ne bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Ya yi karatu a wata ƙaramar kwaleji a jihar Dakota ta Arewa, ya yi 'yan shekaru yana wasa a Turai, sannan ya koma aikin farautar 'yan wasa, da farko ma ba albashi. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver, a 2013 aka ba shi lambar gwarzon jami'in gudanarwa na NBA, a 2019 ƙungiyar Toronto da ya gina ta ɗauki kofin a karon farko a tarihinta. Ya rabu da Toronto a watan Yunin 2025. Gidauniyarsa ta Giants of Africa da ya kafa a 2003 ta gudanar da sansanonin horar da matasa a Najeriya da Ghana da Kenya da Ruwanda, kuma a 2021 ta yi alkawarin gina filaye 100 a nahiyar.

Wani da ya fito daga jami'ar shi ne Injiniya Musa Kida, tsohon ɗan wasa, wanda ya kai muƙamin mataimakin manajan darakta a kamfanin mai na Total, ya shugabanci hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya, sannan a watan Afrilun 2025 aka naɗa shi shugaban hukumar gudanarwar kamfanin NNPC. Duk su biyun, wasan ya buɗe masu ƙofa, amma karatu da iya sarrafa jama'a ne suka zaunar da su a ciki. Wannan batu ya kamata iyaye su riƙe, domin ƙungiyoyin NBA 30 ne kacal, kuma 'yan wasa kimanin 60 suke zaɓa a shekara daga duk faɗin duniya.

Wani hanzari ba gudu ba, kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wasannin jami'o'in Najeriya sun sha wuya. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, kuma ƙungiyar da ba ta haɗuwa ba ta zama ƙungiya. Ita kanta hukumar wasan ta dare gida biyu a 2017, aka yi zaɓe ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, washegari aka yi wani a Abuja wanda ya ba Kida, rikicin da ya gurgunta gasar cikin gida na tsawon shekaru. A 2022 gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta sauya shawara tuni an ba Mali gurbin 'yan matan Najeriya a gasar cin kofin duniya. Nasarorin da ake tinƙaho da su, kamar kofin Afirka na 2015 a Tunisiya da doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci na 2021, akasarin waɗanda suka kawo su jami'o'in Amurka ne suka rene su.

To, ina Kumasi ta shigo? Dangantakar Kumasi da Kano da Zariya ta girmi duk waɗannan jami'o'i, tun zamanin fataken goro. Duk wanda ya tsaya a tashar Sofoline da yamma, a gindin gadar saman nan da aka fara tun zamanin Shugaba Kufuor, zai ga samari majiya ƙarfi suna lodi da kiran fasinja, wasunsu ba su wuce shekarun makaranta ba. A nan gefe ga Kwalejin Prempeh da aka kafa a 1949, a ɗaya ɓangaren garin ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ke fafatawa a wasannin jami'o'in Ghana. Wato kayan haɗin da Zariya ta yi amfani da su duk suna nan: jami'a, makarantun sakandare, da unguwanni cike da yara.

Kuma mutanen zangon Kumasi ba baƙi ba ne wajen renon 'yan wasa. Babban filin wasan garin sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Alhaji Karim Grusah ya riƙe ƙungiyar King Faisal shekara da shekaru, ta cikinta Sammy Kuffour ya bi har ya ɗauki kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001. Abin da Grusah ya yi wa ƙwallon ƙafa shi ne Johnson ya yi wa ƙwallon kwando, mutum ɗaya ya dafe a wuri ɗaya bai gaji ba. Bambancin shi ne ƙwallon kwando tun asalinsa wasan makaranta ne, a wata makaranta a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1891, kuma har yau hanyarsa ta cikin aji take bi. Yaron da bai ci jarrabawar kammala sakandare ba, babu jami'ar da za ta ɗauke shi, a gida ko a waje, ko da kansa na taɓo rufin ɗaki. Don haka duk dillalin da ya zo wa uba da maganar a ba shi kuɗi zai fitar da yaro ba tare da takardun makaranta ba, a bincike shi da kyau, balle yanzu da bizar ma ta zama abin da ta zama.

Akwai kuma lissafin fili, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa. Filin ƙwallon ƙafa na ƙa'ida mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance. Na ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, wato ana iya yanka guda goma sha da yawa daga fili ɗaya na ƙwallon ƙafa. A Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, inda gida ke manne da gida, samun fili irin na farko sai dai a mafarki, amma harabar makarantar firamare ko ta Islamiyya za ta ɗauki na biyu, da siminti da ƙarfe biyu da raga. Ƙungiyoyinmu na masu goro da masu shanu da direbobin dogon zango sun saba haɗa kuɗin gasar ƙwallon Sallah, a raba kofi da rago a watse. Da za a ware wani abu daga irin wannan kuɗi a dafe fili ɗaya, a riƙa biyan mai horarwa guda alawus duk wata, da sharaɗin sai yaro ya nuna sakamakon jarrabawarsa kafin ya taɓa ƙwallo, to da sarakunan zango sun samu abin riƙewa a hannu ranar da za su je ofishin wasanni na jami'a neman a riƙa turo ɗalibai 'yan wasa suna koyar da yaran a ƙarshen mako.