Wadda Ta San Fuskarki Tun Kina Firamare

 

Duk wadda ta taɓa zama kusa da tsofaffin 'yan aji ɗaya a gidan biki ta san yadda abin yake tafiya. Da farko kowa tana jan aji, ana gaisuwa irin ta manya: ya maigida, ya yara, ya gajiyar hanya. Can sai wata ta kasa daurewa, ta kira 'yar uwarta da sunan tsokanar da aka laƙaba mata tun aji uku, sunan da mijinta ma bai taɓa ji ba. Shi ke nan an ɓalle. Hajiyar da ta shigo tana taku ɗai-ɗai cikin leshi mai tsada sai ki gan ta tana dariya har ɗankwali yana zamewa. Mu da muka haura talatin da biyar, masu kiranmu da sunan yanka gatsal sun yi ƙaranci. A gida Maman wane ce ke, a wurin aiki Anti ko Sista, a kasuwa Hajiya. 'Yar ajinki ce kaɗai za ta dube ki a tsakiyar taro ta ce, "Ke, har yanzu kina gudun ƙadangare?"

Ni da 'yan ajina a gindin Dala muka tashi, cikin birnin Kano, kuma hirarmu kullum daga abin ci take farawa. Sai an lissafo abin da ake sayarwa a bakin makaranta idan an fita tara: ɗanwake a ɗan kwano, gurasa da ƙuli, hanjin ligidi, alawar madara, goruba da aduwa. Wadda aka bai wa naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa ranar ita ce sarauniya, kowa ƙawarta ce har a koma aji. Daga nan sai a hau Dala a baki. A tuna yadda muke hawa muna haki, mu tsaya muna nuna Goron Dutse da hasumiyar masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, kowa tana rantsuwa ta hango rufin gidansu alhali duk rufin iri ɗaya ne. A tuna aike zuwa kasuwar Kurmi da yadda mutum ke ɓata a lungunanta ya ɓullo ta wajen Jakara. A tuna tashe idan azumi ya kai goma, mu 'yan mata da Mairama da Daudu, muna bin gidaje ana ba mu gero da 'yan kwabbai. A tuna hawan Daushe zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, da lallen da aka kwana da shi a ƙafa ɗaure cikin leda. Gida ɗaya ne mai talabijin a lungunmu, yaran unguwa kaf a tsakar gidan suke zubewa kallon CTV, kuma da NEPA ta ɗauke wuta ba wanda ke fushi, sai a fice dandali a kafa gaɗa in da farin wata.

Idan hira ta kawo nan sai murya ta sauka. Wata ta ce ta je unguwa kwanan baya ta kasa gane ƙofar gidan kakarta, an rushe zauren an fitar da shaguna uku. Kududdufin da ake hana mu zuwa bakinsa an cike shi an yi gini. Ganuwar da muke gangarowa daga kanta muna kwasar jar ƙasa a siket, wani wurin sai an nuna miki za ki yarda ta taɓa tsayawa a nan. A gabanmu wayar salula ta shigo a 2001, a gabanmu A Daidaita Sahu ta fito a 2005, a gabanmu aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013. 'Ya'yanmu ba su san Kano babu gadar sama ba. Mu kanmu aure ya watsa mu: wannan tana Rijiyar Zaki, waccan Hotoro, wata Ɗorayi, wata Mariri, wasu Kaduna da Abuja.

Ina son wannan hira ƙwarai, amma aikina ba ya barina in yarda cewa komai na da alheri ne. Kududdufin da muke kewa shi ne gidan sauron da ke kwantar da mu duk damina, kuma yaran maza da ke wanka a ciki da yawansu sun yi fitsarin jini, wato tsargiya. Duk wanda ya yi wayo a Kano a 1996 yana tuna shekarar sanƙarau, da ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda, ana ta kwasar yara zuwa Asibitin Zana. Akwai bencin da ya koma mutum biyu a ajinmu bayan da mu uku ne, kuma har yau idan aka ambaci yarinyar sai an yi shiru an yi mata addu'a. Kunun kanwa mai kauri da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, waɗanda aka yi wa iyayenmu da sunan gata a jego, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mace bayan haihuwa. Waɗannan Allah Ya raka taki gona.

Abin da nake ganin muna kewa da gaske, ko da ba mu iya kiran sunansa a wurin biki, shi ne idon unguwa. A lungunmu mace ba ta kwana biyu ba a gan ta ba sai an aiko yaro ya tambaya ko lafiya. Kwanon ciyayya yana zagaya gidaje da magariba, kuma idan kwanon wani gida ya daina fita, tsofaffi sun san akwai magana, sai a kai musu ba tare da an jira nasu ba. Akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka, ba ta taɓa shiga aji ba, amma kallo ɗaya za ta yi wa amarya ta ce wa uwar mijinta, "Yarinyar nan idonta ya yi fari, ku kai ta a duba jininta." Mai ciki idan ƙafarta ta kumbura, kafin ita ta damu mata biyar sun yi mata magana. Gulma ce wani lokaci, ban musa ba, kuma ta raba aure ba ɗaya ba. Amma cikin wannan sa idon ne aka tsinci mata da yawa kafin su faɗi.

Yau mun samu abin da iyayenmu suka roƙa mana: gida namu mu kaɗai, da get, da katanga mai tsawo, ba kishiya a ɗaki na gaba, ba facala a madafi. Alhamdulillahi. Sai dai mace tana iya wata guda tana fama da jiri ba wanda ya lura. Maigida yana ganinki kullum, wanda kuma yake ganinki kullum ba ya ganin canji, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta sai baƙo ya zo ya ce yaron nan ya yi tsawo. Maƙwabciyarki ta sabuwar unguwa da ƙibarki ta same ki, ba ta san yadda kike a da ba. Wadda za ta gane fuskarki ta canza ita ce wadda ta san fuskar tun kina ɗaura ɗankwalin makaranta a karkace.

Na ga wannan da idona a walimar ƙanwar wata 'yar ajinmu. Ana cikin raha ana ƙirga wa juna furfura, kowa tana cewa tata ta gado ce ba ta tsufa ba, sai ɗaya ta kama hannun ta kusa da ita ta ce, "Ƙawas, wannan ba ƙiba ba ce. Fuskarki ba haka take ba, kuma zoben nan ya nutse a yatsanki." Waccan ta ce ai hutu ne, da ɗan ciwon kai na hidimar yara. Na'urar awon jini ba ta barin jakata, sai muka ja ta ɗakin uwar amarya. Awon ya nuna 172 bisa 108, muka bari ta huta muka sake, bai sauka ba. Da muka tambaya, ashe a cikinta na ƙarshe jininta ya hau har aka yi mata aiki kafin lokaci, kuma tun da aka sallame ta, shekara huɗu ke nan, ba ta sake awo ba. Washegari ƙawar tata ce ta je har gida ta ɗauke ta zuwa asibiti, don ta san halinta tun suna yara: idan ta ce "zan je" to ba za ta je ba.

Bari in sa hular aikina kaɗan, tunda shekarun da muke wa dariya a gidan biki su ne shekarun da waɗannan cututtuka ke fara sallama. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, shi ya sa "lafiya lau" ba hujja ba ce. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne, sai a ga likita. Idan ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwon ƙirji, ranar za a tafi, ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya. Macen da jininta ya taɓa hawa da ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da shi daga baya, ko da an ce mata ya sauka. Haka wadda sukarinta ya hau da ciki, ta riƙa awon suga lokaci-lokaci. Kuma maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Sauƙin ai maganin ne ya kawo shi.

Akwai abubuwan da ke cikin jakunkunanmu da ke ƙara tura jinin sama, kuma a taron 'yan aji ne ake yi wa juna tallarsu. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da sinadarin da ke kumbura fuska ya hau da jini da suga. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, idan aka mayar da su abin sha kullum saboda ciwon baya da gwiwa, suna taɓa ƙoda. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da muke marmasawa a miya mafi yawansa gishiri ne. Ki ƙirga nawa kika jefa a tukunyar jiya.

Kusan kowane rukunin 'yan aji yana da asusu. Ana tara kuɗin anko, ana adashi, ana gudummawar suna da ta'aziyya. Kuɗin atamfar anko ta mutum biyu ko uku ya isa a sayi na'urar awon jini mai kyau, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya. Ba sai da ma'aikaciyar jinya a cikinku ba. Mace ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, ƙafafunta a ƙasa, hannunta a kan tebur daidai ƙirji, ta yi shiru (wannan shi ne mai wuyar a taronmu), a auna sau biyu a rubuta a littafin adashin. Kafin a buɗe kular shinkafa ake yi, ba bayan an gama rawa ba.

Faɗar maganar ma tana da ladabi. Ba a tsakiyar mutane ake ce wa mace ta rame ko ta kumbura ba, don a nan gori ne, kuma za ta kare kanta ta ce hutu ne ko azumi. Ki ja ta gefe, ki kira ta da sunan nan na yarinta, ki tambaye ta barcinta, da al'adarta, da ko ta taɓa jin wani ƙullutu a nono. Wani lokacin abin da za ki tarar ba na jini ba ne sam. Wata mijin ya yi shekara ba aiki, wata an yi mata kishiya tana haɗiye abin ita kaɗai, wata tun rasuwar mahaifiyarta ba ta sake barcin kirki ba. Ba za ta faɗa wa dangin miji ba, ba za ta faɗa wa maƙwabciyar da suka saba jiya ba. Ke da kika san ranar da ta yi fitsari a aji kika rufa mata asiri da hijabinki, ke za ta iya faɗa wa.

Sannan akwai waɗanda muka baro a can. Iyayen da suka yi mana wannan sa idon da yawansu suna nan a tsofaffin lungunan, gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, sa'o'insu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, gidajen da ke kewaye da su 'yan haya ne da ba su san su ba. 'Yar ajinki da ke aure a Abuja ba ta iya zuwa sai da Sallah, ke kuma duk mako kina wucewa ta Ƙofar Mazugal. Ki tsaya ki shiga ki gaida Inna ko da minti goma ne. Ki dubi ƙafarta, ki dubi ledar magungunanta ko sun ƙare, ki lura ko bakinta ya karkace ko maganarta ta sauya, don waɗannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne kuma ba sa jira. In kin fito ki kira 'yarta ki gaya mata abin da kika gani. Ki dai shirya, don Inna za ta ƙare miki kallo daga sama har ƙasa ta ce kin yi baƙi, ta tambaya ko mijin naki yana ba ki abinci kuwa.

Ku rubuto min a ƙasa: wace unguwa kuka tashi, kuma me ake sayarwa a bakin makarantarku idan an fita tara? 'Yan Zariya da Katsina da Damagaram, ina jiran naku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.