Daga Landan: Harafi ɗaya a cikin jini

Duk jaririn da aka haifa a Ingila, ran kwana biyar ungozoma kan ɗan tsaga dunduniyarsa ta ɗebi ɗigon jini. Cikin cututtukan da ake dubawa har da sikila, wato amosanin jini. Na san 'yan uwanmu a nan Landan da sai da sakamakon ya iso suka san ashe su biyun AS ne.

Tushen abin ƙwayar gado ce guda, HBB, mai ba jiki umarnin haɗa himogulobin, sinadarin da ke dakon iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Harafi ɗaya tak ya sauya a umarnin nan. In oksijin ya yi ƙasa, sai sinadarin ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashin da ke sa ƙato kuka yake tasowa, sanyin garin nan kuwa ba ya raga masa. Lafiyayyar ƙwaya kan yi kwana 120, wannan 10 zuwa 20 ta mutu.

Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, har yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa abin ya yawaita wajenmu. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki fa, ba wai in ɗaya ya samu sauran ukun sun tsira ba. 'Yan uwa na zangunan Gana, ku lura da AC ma, don S da C in sun haɗu sikila ce.

A Janairun 2025 aka amince NHS ta fara ba da Casgevy. Ba HBB yake gyarawa ba. Wata ƙwayar gadon ake rage wa ƙarfi, BCL11A, sai jiki ya koma yin himogulobin irin na ɗan tayi, wanda ba ya sandarewa. Abin murna ne, amma sai an sha wuyar kemo, kuma kusan mutum 50 ake sa ran yi wa a shekara.

Gwajin jini kuwa kyauta ne, likitan unguwarka kawai za ka tambaya. Kano ta wajabta shi kafin aure a 2024. Ni dai a ganina, in aka jira sai an sa rana an makara, don a lokacin ba mai iya cewa a fasa. A yi shi tun kafin manya su kai kuɗin gaisuwa.