Bazarar Jos Ba Ita Ce Bazarar Yola Ba

 Kowace shekara ƙungiyoyinmu na gama kai sukan zauna su yi shirin damina. A yi maganar iri, da taki, da rance, da gayya. Amma a duk yawon da muke yi cikin ƙauyuka, da wuya mu tarar da ƙungiyar da ta zauna domin shirin bazara. Sai a ce, ai zafi ne, kowace shekara ana yinsa. A ganinmu wannan sakaci ne, yana cin dukiyarmu, wani lokaci har da rai. Waɗanda kuma suka tashi yin shirin, sau da yawa sukan kwaikwayi abin da suka gani a wata ƙasa wadda zafinta ba irin nasu ba ne.

Ga misali. Mun taɓa raka wata ƙungiya daga kwarin kogin Binuwai zuwa ziyara a kan dutsen Filato. Suka ga ɗakin kaji mai rufin kwano, da bango har sama, da 'yan ƙananan tagogi, kaji kuwa sun yi ɓul-ɓul suna ta ƙwai. Da suka koma gida suka ci rance, suka gina irinsa daidai wa daida. Cikin hunturu kome lafiya. Da watan Afrilu ya shigo, sai kaji suka buɗe baki suna haki, suka daina ci, ƙwai ya ragu, daga nan suka shiga mutuwa da tsakar rana. Rance kuwa yana nan, sai an biya. Laifin har da namu, gama mu muka kai su, ba mu kuwa faɗakar da su ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Me ya kawo haka? Jos tana bisa dutse, wajen mita 1,200 sama da bakin teku. Yola kuwa ba ta kai mita 200 ba. In mutum ya hau sama mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce a Yola da Sakkwato da Maiduguri, alhali a Jos yana wajen 30 da 'yan kai, dare kuma da sanyi. Kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafin jikinta. In zafin ɗaki ya haura digiri 30 sai ta rage ci, in ya doshi 40 ranta yana cikin hatsari. Ɗakin da ke tare mata iskar sanyi a Filato, a kwari tanderu ne.

Tsawon bazarar ma ya bambanta. A Jos da Kafanchan ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, ƙasa ta yi sanyi. Mutumin Sakkwato sai ya jira watan Yuni, ruwan da zai samu a shekara kuma wajen rabin na Jos ne. A Makurɗi da Lakwaja ma'auni ba ya hawa kamar na Sakkwato, amma iskar tana da laima, gumi ba ya bushewa, jiki kuwa sai gumi ya bushe yake hucewa. Amfanin gona ma ya san wannan. Dankalin Turawa yana son dare mai sanyi, shi ya sa ya karɓi Bokkos da Mangu. Alkamar Kadawa ta ƙasar Kano, in ba a shuka ta cikin watan Nuwamba ba, zafin Maris zai riske ta ba ta cika ido ba.

Wani dattijo zai ce, kakanninmu sun sha bazara ba su yi taro a kanta ba. Gaskiya ne. Amma ku tuna a ɗakin jinka da na soro suka kwana, ga tsamiya da gawo da ɗorawa a gona, ga randa a gindin rumfa. Mu mun sare itatuwan, mun rufa kwano ba silin, mun kawo kaji da shanun da aka saba kiwonsu a ƙasashen sanyi. Zafin kansa kuma ya ƙaru. Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa. Ran 3 ga Afrilu na shekarar, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka mutu a Bamako cikin 'yan kwanaki, galibinsu tsofaffi.

Saboda haka muna ba da shawara kowace ƙungiya ta keɓe taro guda a watan Fabrairu domin bazara kaɗai, ta duba abubuwan nan bisa ga ƙasarta.

Na fari, lokacin aiki. A ƙasar kwari da arewa mai nisa, sassabe da kai taki da gini a fara su da asuba, a tashi kafin ƙarfe 11, a koma bayan la'asar. Kada a sa gayya ko taro da tsakar rana. Mai gayya ya tanadi tulun ruwa a inuwa kafin ya tanadi tuwo. A sha ruwa tun ƙishi bai kama ba. Burukutu kuwa ƙara ƙone jiki yake yi.

Na biyu, mutanenmu. Tsofaffi da jarirai da mata masu ciki su zafi ya fi kayarwa. A sa wanda zai riƙa leƙa tsohon da ke kwana shi kaɗai. Jaririn da bai kai wata 6 ba a ƙara masa nono, ya ishe shi. Wanda ya galabaita a kai shi inuwa, a ba shi ruwa mai tsabta lita 1 da aka dama da sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali. In jikinsa ya yi zafi ƙwarai, yana sambatu ko ya suma, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa sumamme kome a baki. Ku tuna kuma lokacin zafi lokacin sanƙarau ne. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti nan take.

Na uku, dabbobi da iri. Mai gina ɗakin kaji a ƙasar zafi ya bar bango gajere, sauran a sa waya iska ta ratsa, a shimfiɗa ciyawa bisa kwanon, a ba su abinci da sassafe da yamma, ruwa kuwa kada ya yanke. In ba halin haka, a shirya kiwon yadda za a sayar kafin Maris, ko a tsaya ga kajin gida. Irin gyaɗa da na waken soya ba sa jure zafi, kada a jibge su a sito mai kwano. Kafin shuka a ɗibi ƙwaya 100 a gwada, a ga nawa za su tsiro.

Na huɗu, dabarun da suka fito daga ƙasar zafi. Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa cikin shekarun 1990: a zuba yashi tsakanin tukwanen, a jiƙa shi, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Tana aiki sosai inda iska take a bushe, a Makurɗi kuwa amfaninta kaɗan ne. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo da manoma suka soma sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya zama itace. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a Nijar ta wannan hanya, ba tare da an sayi dashe ba. Gawo ma ga shi nan: inuwa da rani, da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana.

Ziyara tana da kyau, za mu ci gaba da yinta. Amma duk abin da kuka gani a wani wuri, ku tambayi tsayin ƙasarsu, da watan da ruwa yake sauka musu, da yadda darensu yake, kafin ku taɓa kuɗin asusu. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, ku sa malamin gona ya karanta muku na jiharku. Magatakarda kuma ya rubuta abin da bazarar bana ta yi muku, ya aiko mana, domin maƙwabtanku masu irin ƙasarku su ƙaru. Allah ya kai mu damina lafiya.