WAI FURE AKE CI?

Jama'a yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa ko da za a ce na cika surutu.

Asabar ɗin nan na je gida. Tun daga Kwanar Dangora da na karya hanyar Tudun Wada, abin da nake gani a gefen titi buhunan gawayi ne jere, kamar ana baje kolin amfanin gona. Na isa gonarmu ta gado, cikin ɗorawa biyar da kakanmu ya bari saura biyu. Uku an kwantar da su an sayar wa masu gawayi. Kuma a wane lokaci? Yanzu da suke tsakiyar fure, tutu ja jawur yana reto a kowane reshe. Na tambayi ɗan baffana da ya yi cinikin, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, wai fure ake ci? Ku 'yan birni ƙoshi ne ya dame ku."

To ƙanena, tunda a gaban mutane ka faɗa, bari in ba ka amsa a gaban mutane. E, ana ci. Kai ma da shi aka raine ka.

Wannan tutun da ka raina, wanda muna yara muke jifa ya faɗo mu tsotse zaƙinsa, shi ne yake zama ɗorawa. Daga nan a sami garin da ake damawa a sha, a sami kalwa, daga kalwa a yi daddawa. Ɓawon ma ba a yar da shi, makuba ake yi, da ita iyayenmu suka yi daɓe suka shafe katanga, ruwan damina ya yi ta duka bai ci ba. Da dare jemagu ne ke zuwa shan ruwan furen, da sassafe ƙudan zuma, kuma wannan kai da kawowar tasu ita ke sa itacen ya yi 'ya'ya. Amyar da baffa yake ɗaurawa a reshen babbar ɗorawar, zumar da kake lasa har ka shafe yatsa, ka zaci daga ina ƙudan ke kwasowa?

Abin da ya fi ci mini rai ma, kuɗin daddawar nan ba namu ba ne mu maza. Na Inna ne. Shekara da shekaru da kalwar gonar nan take yin daddawa ta kai kasuwa, ta sayi sabulu da gishiri, ta yi zubin adashi, ta haɗa wa 'yan mata kwanuka. Ba wanda ya tambaye ta. Ba wanda ya tambayi ƙannenmu mata da ke da haƙƙi a gadon. An karɓi kuɗi rana ɗaya, kafin wata ya mutu sun ƙare, ita kuwa an yanke mata abin kowace shekara. Ɗorawa kuma ba masara ba ce da za ka shuka bana ka girbe bana, kusan shekara goma take ɗauka kafin ta fara haihuwa. Inna ba ta da wannan goman a hannu sai abin da Allah ya yi.

Kada wani ya ce ban san halin da ake ciki ba. Na sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, gas ya gagari gidaje da yawa a birni aka koma gawayi, ni kaina akwai kurfoti a gidana, ba zan yi ƙarya ba. Mu na birni mu ne masu saye, laifin da mu a ciki. Kuma wanda yaronsa ke kwance ba magani, ba za ka tsaya kana yi masa lacca kan itace ba. Amma a ce duk itacen da ke daji sai mai ba da abinci za a fara kaiwa ƙasa? Ga darbejiya nan, ka sassabe ta bana, baɗi ta tofo. Da can ko a gonarka ba ka isa ka sa wa ɗorawa ko kaɗanya gatari ba sai mai gari da malamin daji sun sani. Yau injin yanka ne ke kuka tsakar rana, mota ta yi lodi ta bi titi ta wuce shingaye lafiya lau. A watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗanya na wata shida, wai a sarrafa a gida. Madalla. To idan uwar ta zama gawayi, me za a sarrafa?

Ku duba zoɓo, ku masu cewa fure wasan Turawa ne. Abin da muke jiƙawa mu sha da azumi ai ɓawon furen yakuwa ne, wanda ke yin kauri ya yi ja bayan furen ya kaɗe. Ganyen a yi miya, 'ya'yan a yi daddawar batso. Ku shiga kasuwar Dawanau ku ga tirelolin da ke lodinsa. Har Meziko ake kai shi, can ma jiƙawa suke su sha da ƙanƙara. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Senegal bisap. Da aka taɓa samun ƙwari a cikin kayanmu Meziko ta rufe ƙofa na wasu shekaru, manoman Jigawa da 'yan kasuwar Kano sun ji a jikinsu. Abin da ake biya da dala kenan, mu kuma muna tambayar ko ana ci.

Wani abin dariyar, mu da muke cewa ba ruwanmu da fure, je ka ɗakin kakarka ka dubi kwanukan jere, duk zanen fure ne. Lallen amarya fure, zanen gado fure, atamfa fure. Yanzu kuma an shigo da na roba daga Sin, a biya mai kwalliyar wurin biki kuɗin da ya fi na ɗorawa ukun nan, a yi hoto, washegari a kwashe. Na robar muna so, mai ran ne ba mu da ta tasa.

Sai masu feshin wake. Don Allah, idan wake na fure ku bari sai yamma lis ƙudan zuma sun koma, kar ku yi da hantsi lokacin da suke kan furen. Masu amya a wajen Doguwa da bakin dajin Falgore za su gode muku.

Ga abin da nake nema, ba wani mai yawa ba. Hakimai da dagatai na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa su dawo da tsohuwar dokar nan, ba a sare ɗorawa da kaɗanya da kuka sai da izini. Limamai su taɓa maganar a huɗuba. Kuma duk gonar gado, a tambayi mata kafin a kira mai inji.

Biyun da suka rage na ce a faɗi abin da mai gawayi ya taya, zan biya a bar su a tsaye, kalwar ta Inna ce. Juma'a mai zuwa za mu zauna gaban mai unguwa a rubuta. Ɗan baffa, na san kana karantawa. Ka zo da wuri, kuma ka taho da su Yaya mata.