Kumatun Makaranta: Duba Buhun da Kike Haɗa wa Yarinya

Maganarmu ta wannan makon taki ce, ke da kike da ɗa ko 'ya a jami'a, ko ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko ta jiha a Aliero, ko Danfodiyo a Sakkwato, har da waɗanda ke kwana a makaranta a Kwalejin Adamu Augie nan Argungu.

Kin san yadda abin yake. Yarinya ta tafi siririya, bayan zango biyu ta dawo hutu kumatu sun fito, rigar sallar bara ta ƙi shiga. Sai gida ya ɗauka da murna: "Masha Allah, boko ya karɓe ta!" Goggo ta ce hutu ne, kaka ta ce yanzu ta zama mace. A wajenmu ƙiba shaidar kwanciyar hankali ce, kuma babu uwar da ke son a ce ɗanta ya rame a makaranta. Sai dai ba kowane kumatu ne na ƙoshi ba. Akwai na taliya da lemon kwalba.

Abin ba a nan kaɗai yake faruwa ba. A Amurka har suna suka sa masa, suna cewa ɗan aji ɗaya a jami'a kan ƙara kusan kilo 7. Da masana suka auna ɗalibai, sai suka ga yawanci bai kai haka ba, kilo ɗaya zuwa biyu ne. Kaɗan ne a ido. Amma karatun shekara huɗu ne ko biyar, kuma abin da ya hau jiki a wannan shekarun ba ya saurin sauka, balle ga mace da aure da haihuwa ke gabanta. Ciwon suga da hawan jini da muke gani a 'yan shekara arba'in, da yawa tun daga nan suke fara shimfiɗa tabarma.

To daga ina ƙibar take zuwa? A gida yarinya na cin tuwo da miyar kuka, ta sha fura, a yi kwaɗon zogale da rana, ga shara ga wanke-wanke ga aike. A makaranta kuwa agogo ke mulki. Darasi ƙarfe takwas, ba ta karya ba, sai rana ta take ta sayi fanke biyu da lemo mai sanyi. Dare ya yi ga yunwa ga gajiya, me ya fi sauri a kan risho ko ƙaramin gas? Indomie biyu da ƙwai, a ci a kwanta da waya a hannu. 'Yan makaranta har lissafi gare su, su ce yau sifili-ɗaya-ɗaya suke yi, wato babu karin kumallo. Wanda ya wuni da yunwa kuwa, in ya samu abinci da dare ba ya ci da hankali. Samarin ma ba su tsira ba, nasu teburin mai shayi ne: rabin biredi, shayi mai kauri da madara da suga cokali huɗu.

Bari mu ɗan tsaya kan lemo, don shi ne ɓarawon da ba a zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suga da babban mutum zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita ta cinye wannan kason gaba ɗaya, tun ba a zo kan shayin safe ba. Kuma lemo ba ya ƙosarwa, an sha an sake neman abinci. Gwamnati ma ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemukan a dokar kuɗi ta 2021, amma zafin Kebbi a watan Afrilu bai san haraji ba. Kada kuma ki ce ai taki zoɓo take sha ko kunun zaƙi. Je ki tsaya kan mai haɗa na sayarwa ki ga yawan sugan da take zubawa.

Yanzu ga inda hannunki yake. Ranar komawa makaranta, me kike zubawa a buhu? Shinkafa, taliya, kwalin Indomie, garin kwaki, suga, galan ɗin mai. Duk abin cika ciki ne, babu abin miya ko ɗaya. Yarinya abin da ta gani a akwatinta shi za ta dafa.

Ba zan ce 'yar Argungu ta bar shinkafa ba, ai sai a kore ni daga garin. Mu da fadama ke bayan gida, ga kamfanin WACOT yana sarrafa ta tun 2017. Abin da nake cewa, duk kwanon shinkafa biyu ki bi shi da kwanon wake ɗaya, ta riƙa yin garau-garau. Wake na riƙe ciki har yamma, ba kamar farar shinkafa da mai da yaji ba, da awa biyu an sake jin yunwa. Man ma a yi hankali da shi, babban cokali ɗaya na ɗauke da kalori kusan 120, kuma yara ba aunawa suke ba, tuttulawa suke.

Sai kayan da ba sa lalacewa ko babu firji: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, garin ɗanwake, garin kunu, da bandar kifi. Abin kunya ne a ce 'yar garin da duniya ke zuwa kallon sun kifi a Matan Fada ta yi wata uku ba ta ga kifi a tukunyarta ba. Ki gyara shi, ki cire ƙaya, ki daka wani a cikin yaji. Mai karatu a Aliero kuwa ba ta da uzurin rashin albasa. In kina tura kuɗi, ware wani abu ki ce wannan na tumatir ne da lemon zaƙi da kankana, ki kuma tambaya a waya: "Yau me kika karya da shi?"

Wani abu kuma, ki sa ido. In fuska ta yi fam cikin 'yan makonni, ta zama zagaye alhali ƙafafu na nan yadda suke, tambaye ta a hankali ko tana shan wani magani. Akwai 'yan mata masu shan ƙwayar deksa don su yi jiki, ƙawaye ke ba su. Tana kumbura fuska, tana tayar da suga da hawan jini, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata ita rana ɗaya, sai an je wajen likita.

In kuwa ƙibar ta riga ta zo, don Allah ban da gori a gaban ƙanne. Gori ne ke tura yarinya ga shayin rage tumbi na intanet da wunin yunwa. Ku shiga ɗaki ku biyu, ki samo igiya ki auna tsayinta daga kai zuwa ƙafa, ki ninka biyu, ki zagaya cikinta daidai cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, ba damuwa. In bai haɗu ba, ki sauya abin da ke cikin buhu wannan zangon, ku ajiye igiyar a sake gwadawa hutu mai zuwa. Ke ma uwargida, tunda igiyar na hannu, ba laifi ki gwada.