Kirsimeti da Ƙananan Yara: Wace Kyauta Muke Bar Musu?

Kowace shekara, idan aka dawo daga hutun Kirsimeti a watan Janairu, mu malamai mukan ba 'yan aji ɗaya aikin rubuta labarin yadda suka yi hutu. Mun daɗe muna duba waɗannan takardu, har mun lura da wani abu. Da wuya ka ga yaron da ya cika rabin shafi a kan motar roba ko 'yar tsanar da aka saya masa. Amma bari ya shiga labarin yadda kakarsa ta sa shi yanka cincin, ko yadda shi da ƙanwarsa suka kai kwanon shinkafa gidan maƙwabta har miya ta zuba a sabuwar rigarsa, sai takarda ta ƙare labari bai ƙare ba. A wannan makon ne kuma mukan ga waɗansu kujeru babu kowa a aji. In an bincika, sai a tarar masu kujerun suna gida, domin ba a haɗa kuɗin makaranta na zango na biyu ba. Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa muka ga ya dace mu yi magana da iyaye, da tsofaffin ɗalibanmu da suka fara ajiye iyali, da ku ɗalibai masu ƙanne a gida.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: abin da ke zama a zuciyar ƙaramin yaro daga bikin Kirsimeti shi ne al'adar da gidansu ke maimaitawa kowace shekara, musamman wadda aka ba shi nasa aikin a ciki. Kyautar kanti tana da daɗi, amma ta biyu ce. Uban da ya ci bashi domin ta, har yaro ya rasa makonnin farko na karatu, ya yi cinikin hasara.

Mu da muke cikin shekaru arba'in da wani abu mun yi ƙuruciyarmu a zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda gwamnati ta fara a 1986. Iyayenmu ba su da yawa, amma suna da tsari. Tun kaka mata ke zuba adashe. Maza kuma sukan haɗa kuɗi su sayi saniya ɗaya a yi watanda, kowane gida ya ɗauki kasonsa daidai abin da ya zuba. Tun watan Nuwamba ake kai yadi wurin tela, sau da yawa yadi ɗaya ne za a yanka wa yaran gida duka, a ɗinka da ɗan girma domin ya kai baɗi. Ranar 24 ga Disamba gida ya kaure da ƙamshin suyar cincin, 'yan mata suna gaban mai kitso, hazon hunturu ya rufe gari, leɓe ya tsattsage. Da dare ƙungiyar mawaƙa da matasa su bi gida gida da fitila suna waƙoƙin haihuwar Mai Ceto. Da safe a tafi sujada, yaran makarantar Lahadi su yi wasan kwaikwayo, wani ya zama makiyayi da sandar kakansa, wata ta zama mala'ika da farin zanen uwarta, Zumuntar Mata su shigo da rawa da kiɗan tulu.

Amma babban aikin yaro a ranar yana zuwa ne bayan an tashi daga majami'a. Uwa za ta jera kwanoni, ta zuba shinkafa da miya da nama, ta ɗaure kowane da tsumma mai tsabta, ta ce wannan na gidan Malam ne, wannan na gwauruwar nan ta bayan layi, wannan na baƙon da bai samu tafiya gida ba. Mu ne 'yan aike. Ana koya mana yadda za mu yi sallama, mu durƙusa mu gaida manya, mu miƙa da hannu biyu. A gidaje da yawa, tun da asuba akan roƙi maƙwabci Musulmi ya zo ya yanka akuyar ko kajin, domin kada wani ya ji shakkar cin abin da aka kai masa. Ranar Sallah kuma kwanonin nan su dawo mana da tuwo da waina da naman layya. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. A unguwanninmu ƙafafun yara ne suke ɗauke da shi.

Ba sai mun faɗa wa kowa cewa wannan al'ada ta yi rauni ba. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000, da na Jos na 2001 sun sa mutane da yawa sun tashi daga inda aka haife su, kowa ya koma cikin masu addininsa. A Kaduna har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin jama'a. Ga shi yanzu muna da ɗalibai da suka kai aji uku ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Yaron da bai taɓa kai kwano gidan maƙwabci ba, bai taɓa karɓar goron biki daga hannunsa ba, shi ne wanda za a fi saurin gaya wa ƙarya game da maƙwabcin nan ya yarda. Wannan hasara ta fi ta rashin sabon takalmi nesa ba kusa ba.

A gefe guda kuma kasuwa ta shigo cikin bikin da ƙarfi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, har buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 80,000 a kasuwanni da yawa a ƙarshen 2024. Duk da haka gasa ba ta ragu ba. Uwa ta ga hoton 'ya'yan ƙawarta a waya sanye da kayan kanti kala uku, sai ta ji kamar ta gaza. Uba ya ci bashi da ruwa, ko ya sayar da hatsin da ya kamata ya kai iyali damina, a lokacin da hatsi ya fi araha. Kwana uku an cinye, an kashe kuɗi a kan abin fashewar nan da yara ke harbawa, agogon roba ya tsaya, gilashin roba ya karye. Janairu ta zo da takardar kuɗin makaranta, sai a shiga kame-kame. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne ya zama dole ba.

Yana da kyau mu tuna daga ina waɗannan al'adu na kyauta suka fito. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma yake, na shekara ta 336. Itacen Kirsimeti al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila a shekarun 1840 bayan da gidan Sarauniya Biktoriya ya ɗauke ta. Katin gaisuwa na farko da aka buga domin sayarwa ya fito a Landan a 1843. Shi kuwa dattijon nan mai jar riga da farin gemu da yara ke kira Fada Kirsimeti, asalinsa Nikolas ne, bishop na garin Mira a ƙarni na 4, a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Labarin da aka gada game da shi cewa ya yi yakan taimaki matalauta a ɓoye, cikin dare, domin kada a san shi ne. Abin mamaki, mutumin da aka san shi da bayarwa a asirce shi ne aka mayar alamar "me za a ba ni?"

In muka koma ga Linjila kuma, darasin a fili yake. Luka sura 2 ta nuna an kwantar da jaririn a komin dabbobi, kuma makiyaya ne suka fara zuwa, ba a ambaci sun kawo kome ba sai labarin da suka ji. A cikin surar kuma, da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, hadayar tsuntsaye biyu aka ambata, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Wato gidan talakawa ne. Matiyu sura 2 ce ta ba da labarin masanan taurari daga gabas da zinariya da lubban da mur, kuma ga Almasihu suka miƙa su, sujada ce suka yi. Babu inda aka ce mai bi ya wahalar da iyalinsa domin ya burge jama'a.

Mun san akwai masu cewa, "Malam, yaro yaro ne. Ka hana shi sabuwar riga ran Kirsimeti, ka sa shi kuka a gaban tsaransa." Gaskiyarsu, kuma ba mu ce a hana ba. Duk wanda ya taɓa kwana da sabon takalmi a ƙarƙashin matashi ya san wannan murna. Abin da muke cewa shi ne daidai ruwa daidai tsaki: riga ɗaya da aka tanada tun da wuri, bayan an ware kuɗin makaranta gefe. Akwai kuma masu cewa zamani ya lalace, ba a sakin yara su shiga gidajen mutane. Wannan ma magana ce mai nauyi. Maganinta shi ne babba ya raka su, a je da rana, a je inda aka sani. Wani kuma zai ce ya taɓa aikawa aka dawo masa da kwanonsa. To, yana faruwa. Wanda ya ji nauyin dafaffen abinci, a kai masa ɗanyar shinkafa ko lemo ko gaisuwa kawai. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga iyaye. Na farko, a biya ko a ajiye kuɗin zango na biyu kafin a taka kasuwar Kirsimeti, abin da ya rage shi ne na biki. Na biyu, kowane gida ya zaɓi al'ada biyu ko uku da zai riƙe kowace shekara, ko da wadata ko babu. Misali, daren 24 a taru a karanta labarin haihuwar da Hausa ko da harshen gida. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da shi suka koyi karatu. Yaron da ya fara haɗa baƙi a ba shi aya ɗaya, kaka kuma ta ba da labarin yadda aka yi bikin a zamaninsu. Na uku, kowane yaro ya sami aikinsa: mai shekara uku ya iya riƙe murfin kwano, mai shekara biyar ya iya jera cokula, mai bakwai ya iya yin sallama ya isar da saƙo. Na huɗu, a bar yaro ya ba da wani abu nasa na kansa, ko rigar bara da ta yi masa kaɗan, ko kashi ɗaya daga kuɗin barka da Kirsimeti da ya tara ya sa a baiko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyar, in za a sayi kyauta, a sayi mai ɗorewa: littafin labarai mai hotuna, ko akwatin fensir mai launi, ko 'yar kaza da yaro zai kiwata ya ga ta yi ƙwai. Ranar 26 ga Disamba hutu ce a ƙasarmu, ana iya ware ta domin ziyarar marasa lafiya da tsofaffin da ba su iya fita.

Ku kuma ɗalibai, kada ku ce wannan magana ta iyaye ce. Ƙannenku ku suke kallo fiye da kowa. In kun koma gida hutu kuka kwana a kan waya, ko kuka matsa wa iyaye sai an saya muku abin da ɗan wane ya sa, su ma haka za su tashi. In kuwa kun zauna kun koya musu waƙoƙin da kuka koya a ɗakin sujada na makaranta, kun ƙera musu tauraro da kwali da karan dawa, kun riƙe hannunsu zuwa gidan maƙwabta, to kun ba su abin da kuɗin aljihunku ba zai saya ba. Ku 'yan aji shida musamman, nan da shekaru kaɗan waɗansunku za su zama iyaye. Abin da kuka saba yi yanzu shi za ku kai gidajenku.

Muna sa ran Janairu mai zuwa za mu shiga aji mu tarar kowace kujera da mai ita, mu kuma karanta labaran kwanonin da aka kai da waɗanda aka dawo da su cike. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai mu Kirsimeti na baɗi da rai da lafiya. Amin.