Laifin Rimot Ne Ko Laifinmu?

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ban fahimci zurfin wannan karin magana ba sai da gidanmu ya yi kwana huɗu ana kallon fim babu murya, alhali maganin matsalar bai wuce a danna wuri biyu ba. Na san wani zai ce, me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da rimot? Ka yi haƙuri ɗan'uwa mai karatu, ka biyo ni sannu, domin kuwa a nawa ganin wannan ɗan abu da ke yawo tsakanin kujerun falo yana ɗauke da wani aiki da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin harshe.

Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ta cinye mana talabijin da dikoda, kamar yadda ta yi wa gidaje masu yawa a Gwange da sauran unguwannin Maiduguri. Da muka ɗan farfaɗo, sai Baba ya sayi talabijin na hannu, wani yayana kuma ya kawo tsohuwar kwamfutar tebur cike da finafinan Hausa da karatuttuka, aka haɗa su da wayar HDMI, aka sayo ɗan rimot mai tafiya da wani ƙanƙanen abu da ake soka wa kwamfuta. Ga kuma sifikun gida masu nasu rimot ɗin. Ka ga rimot uku ke nan a ɗaki ɗaya.

Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Da aka dawo da ita, hoto ya fito tangaran, murya kuwa ko tari. Ƙanena ya buga rimot a tafin hannu, ya ciji batir, ya juya su, duk a banza. Aka kira wani mai gyara, ya dudduba, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, ai wannan sifikar talabijin ce ta ƙone, sai dai a ba da kuɗin sabuwa." Baba ya ba shi wani abu na somin-taɓi, mutumin ya tafi nemo kaya, har yau bai dawo ba. A kwana na huɗu ne wata ƙawar ƙanwata da ke karatun kimiyyar kwamfuta ta shigo gaisuwa, ta danna hoton sifika da ke ƙasan allo, ta zaɓi sunan talabijin daga cikin jerin da ya fito, sai ga murya ta cika ɗaki. Ashe lokacin da wuta ta dawo, kwamfutar ta riga talabijin tashi, ba ta gan shi ba, sai ta karkatar da sauti zuwa ramin abin sa wa a kunne, inda babu komai a jone.

Kakata, wadda ita ce ta fi kowa jin zafin shirun nan domin idonta ya yi rauni, da kunne take kallo, ta tambaye ni, "To me yarinyar ta yi?" Na buɗe baki in yi bayani, sai na ji kalmomi sun ƙi zuwa. A gida Kanuri muke yi, Hausa kuwa a layi da kasuwa da makaranta na tsince ta, kuma ita na zaɓa in karanta a jami'a. Amma a ranar, da Kanurin da Hausar babu wanda na iya yi wa tsohuwa bayanin abin da ya faru a gaban idona da shi. Wannan kunya ce ta sa na zauna na koyi abin, na kuma ɗauki alƙalami.

Mu fara da rimot kansa. Ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin Zenith na Amurka ya fito da mai igiya a 1950. A 1955 Eugene Polley ya ƙirƙiro wanda ake haska talabijin da shi kamar tocila, sannan a 1956 Robert Adler ya kawo mai aiki da wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji. Yawancin waɗanda ke hannunmu yau da haske suke aiki, wani irin haske da ke ƙasa da launin ja, wanda idon ɗan'adam ba ya gani. Duk madannin da ka danna, ɗan ƙwan da ke goshin rimot zai yi ƙyafta-ƙyafta cikin wani tsari na musamman, idon da ke jikin talabijin ya karanta saƙon. Wato dai magana ce tsakanin na'ura da na'ura, kuma kowane kamfani da irin yarensa, shi ya sa rimot ɗin dikodar StarTimes ba lalle ne ya motsa ta GOtv ba.

Wanda ya san wannan zai iya gano cuta da kansa. Ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita goshin rimot gare ta, ka danna kowane madanni. Kyamarar wayoyi da yawa tana ganin hasken da idonka ba ya gani. In ta baya ba ta nuna ba, ka gwada ta gaba. Idan ka ga ƙwan yana walƙiya, rimot na da rai, sai a duba ko wani abu ya tare idon talabijin, ko ƙura ta rufe shi, ko hasken rana na dukansa kai tsaye. Idan babu walƙiya, a duba batir. Zafin garin nan, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana sa batir ya yi saurin lalacewa har ya zubar da wani farin gari da ke cin ƙarfen da yake zaune a kai. A cire batir, a goge wurin da auduga da ɗan ruwan lemon tsami, a bari ya bushe sarai, a sa sababbi guda biyu iri ɗaya, kada a haɗa tsoho da sabo. Idan kuwa madanni ɗaya ne ya ƙi, galibi na ƙara murya domin shi ya fi shan danna, to ƙurar hunturu ce da maiƙon hannu suka taru a ƙarƙashin roba; a buɗe a hankali a goge da sifirit. Dukan da muke yi wa rimot yakan yi aiki wani lokaci ne kawai domin yana girgiza batir ya sake taɓa ƙarfe, amma yau da gobe sai ya tsaga allon da ke ciki.

Rimot ɗin kwamfuta irin namu kuwa dabam yake. Da igiyar rediyo yake aiki, ko da Bluetooth, don haka kyamara ba za ta nuna komai ba ko da lafiyarsa ƙalau. Nasa binciken shi ne a zare ɗan abin da aka soka a ramin USB a mayar, ko a sauya masa rami, musamman a dawo da shi gaba idan yana bayan akwatin kwamfuta. Haka kuma kada a yi mamaki idan rimot ɗin talabijin ya ƙi sarrafa kwamfuta. Akwai tsarin da ke ba na'urorin da ke jone da HDMI damar bin umarnin rimot ɗaya, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, amma yawancin kwamfutocin gida ba su zo da shi ba.

Batun murya ya fi wannan rikitarwa, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Ka ɗauka bututun ruwa ne guda ɗaya mai famfo huɗu a jere. Na farko yana cikin manhajar da ke kunna fim, kamar VLC ko Kodi. Na biyu shi ne na kwamfutar gaba ɗaya, kuma tun daga Windows Vista kowace manhaja tana da nata ma'aunin a cikinsa. Na uku na talabijin ne, na huɗu na sifikun gida. Idan ɗaya ya rufe, ko ka buɗe sauran ukun har ƙarshe, ɗigo ba zai fito ba. Saboda haka a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga fim zuwa sifika, ana duba ko akwai hoton sifika da aka ja wa layi, alamar an toshe bakinta ke nan. Bayan haka a duba inda kwamfuta ke tura sautin, wanda shi ne abin da ya kayar da mu. Shawarata ita ce a bar famfunan farko a buɗe daidai, a riƙa ragewa da ƙarawa daga na ƙarshe kaɗai, da rimot guda da kowa a gida ya sani. Kuma kada a tura VLC ya wuce 100 ko da yake yana yarda, domin daga nan murya kan fara karkarwa, ƙananan sifiku kuma su wahala.

To, duk wannan bayani da na yi, akwai kalmar da ta gagari Hausa a ciki? Babu. Amma ka je babbar kasuwar Monday ko kowane shagon kayan lantarki ka sayi rimot, in ka yi sa'a ka sami takarda a kwalin, za ka tarar da Turanci ne ko Sinanci. Arewa24 tana watsa shirye-shirye da Hausa tun 2014, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, amma abin da tsohuwa za ta riƙe a hannu ta kunna shirin, babu wanda ya yi mata bayaninsa da harshen da take ji. Wanda ba a yi wa bayani ba kuwa, duk abin da mai gyara ya faɗa shi ne gaskiya. Ba ina cewa masu gyara macuta ba ne. Da yawansu mutanen kirki ne da suka koyi aiki da hannu, wasunsu ma kuskuren ganewa suke yi. Sai dai jahilcin mai kaya yana buɗe ƙofa ga wanda ba ya tsoron Allah.

Na tattauna wannan da wani abokin karatuna, sai ya ce ɓata lokaci ne. Hujjarsa ita ce alamomin da ke kan rimot na duniya ne, kowa ya san alamar tarawa da ta ɗebewa, kuma yaran yanzu sun riga sun ari kalmomin Turanci sun wuce wurin. Na yarda da shi rabi. Aro ba laifi ba ne. Rimot da batir da dikoda sun zama Hausa kamar yadda mota da tebur suka zama, kuma wanda ya ce zai ƙirƙiro musu wasu sunaye masu tsawon zira'i zai yi ta magana shi kaɗai. Amma alama tana gaya maka abin da madanni ke yi ne idan komai lafiya. Ran da abu ya lalace, jimla ake bukata: in ka ga kaza, ka duba kaza. Jimla kuwa sai da harshe.

Akwai ma aikin nazari a nan da ya dace da mu. Me za mu kira abin da ake ragewa da ƙarawa? Wani ya ce murya, wani sauti, wani ƙara, wani amo. Murya ta mai rai ce a asali, amma ga shi muna cewa "rage muryar rediyo". Idan kuma ka rubuta "ƙara ƙara", mai koyo irina zai tsaya ya yi tunani, domin karin sauti ne ke raba aikatau da suna, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna shi. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya share mana hanya a fagen harshe da adabi, shi ya sa muke cewa aikatau da bayanau ba tare da gardama ba. Na'urorin cikin gida ma suna jiran irin wannan hidima.

Bugu da ƙari, sanin sarrafa murya ya shafi lafiya da zaman tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma ba da ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A gidajenmu kuwa, da zarar an ta da janareta sai a ƙure murya domin ta danne rurinsa, jariri na kwance a gefe, maƙwabci na jinya a bayan katanga. Wani ma ba da gangan yake yi ba. Maganar 'yan wasa ce ke fita ƙasa-ƙasa, kiɗa kuma ya fashe kamar aradu, bai san cewa talabijin da manhajoji da yawa suna da wurin daidaita wannan ba.

Don haka ga kirana ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma. Na farko, a cikin aikin fita bincike da ake ba mu, a tura wasunmu wurin masu gyaran rediyo da talabijin da waya, mu zauna a bencinsu mu rubuta kalmomin da suke amfani da su da abokan cinikinsu, domin a bakinsu kalmomin gaskiya suke. Na biyu, ƙungiyar ɗaliban Hausa ta fitar da takarda mai shafi ɗaya, matakai biyar na duba rimot da matakai biyar na nemo murya, da boko da ajami, tunda garin nan cike yake da waɗanda suka fi sakewa da baƙaƙen Larabci. Na uku, mu haɗa hannu da 'yan'uwanmu na ɓangaren Kanuri a fassara ta, a kuma naɗe ta da murya a tura ta WhatsApp saboda irin su kakata. Wannan ba ya bukatar tallafi daga ko'ina, sai takarda da ƙafa da niyya.

Ni dai na fara nawa. Na rubuta matakan a bayan tsohuwar kalanda na manna kusa da talabijin, na kuma ɗaura jan zare a rimot ɗin da ake taɓa murya da shi. Makon jiya aka sake ɗauke wuta, murya ta sake ɓacewa ba na gida. Da na dawo, Baba ya ce, "Ɗana, wannan takarda taka ta yi rana, ƙanenka ya karanta ya gyara kafin shayi ya huce." In takarda ɗaya ta hana gida ɗaya asara, ina ga ajinmu duka ya tashi tsaye?